Ƙwayar da Aka Raba Huɗu

Fatakwal,
9 ga Yuni, 1979.

Zuwa ga taubashiyata Atika, gidan Gwaggo Kulu, Ƙofar Marke, Sakkwato.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina jego? Ina Gwaggo, ina maigidanki Malam Haruna, ina kuma baƙuwarmu Hauwa'u? Allah ya raya ta, ya sa ta ɗauko hancin ubanta, don naki ba abin gado ba ne.

Ni lafiya lau nake, in dai ana kiran wannan lafiya. Ruwa ake yi nan tun watan jiya bai ɗauke ba, takalmina na Juma'a har ya yi fumfuna. Asibitin kamfanin da nake aiki cike yake da 'yan kwangila masu ciwon ciki saboda cin daɗi, ni kuwa ina bayan taga ina zuba musu ƙwaya a takarda, yadda na shekara ashirin da biyu ina yi. Kowa a ƙasar nan ya samu rabonsa na man fetur, ni warinsa kaɗai ke iso ni. Amma tuwo bai gagare ni ba, ɗakina ba ya yoyo, na gode Allah.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Illo direba ya sauke albasa nan shekaranjiya, ya ce mini kin kwanta asibiti bayan suna, wai ƙafafunki sun kumbura, ba ki iya barci sai a jingine. Na tambaye shi mi likita ya ce, ya ce shi dai ya ji ana zancen zuciya. Kun kyauta. Ni da na yi wa rabin Ƙofar Marke allura kafin aiki ya jefo ni nan, sai a bakin direban albasa zan ji ciwon gidanmu.

Ki rubuto mini da hannunki, tunda malamar makaranta ce ke. Ina son sunan kowane magani yadda yake a jikin kwalba, da yawan da kike sha, da sunan likitan. Kada ki ce mini "wata fara da wata ja". Kuma ki gaya mini gaskiya ko Gwaggo na dama miki kunun kanwa, don na san halinta.

Naki,
Tukur Ladan.


Ƙofar Marke,
23 ga Yuni, 1979.

Zuwa ga Sarkin Ƙorafin Fatakwal, Malam Tukur.

Muna lafiya, muna gaishe ka. Hauwa'u na tsotso awa wadda aka aiko, kuma hancina ta ɗauko, sai ka yi haƙuri.

Takardarka ta iso ran Talata. Ni numfashina bai kai ni ƙarshen layi, don haka Baban Hauwa'u ya tsaya bakin zaure ya karanta da ƙarfi, Inna na daga ciki tana saurare. Ka san ita takardarka ba a karanta ta a ɓoye. Da ya zo wurin hanci ta yi dariya har da tari. Da ya zo wurin kanwa ta ce a gaya maka jego bakwai ta yi da kunun kanwa, ga ta nan daram.

Ba mu gaya maka ba ne don kada ka taso cikin ruwan nan. Abin ya fara kwana biyar bayan suna. In na tashi daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai in tsaya ina haki, zobena ya ƙi fita, ƙirjina na bugawa awa ana sakwara. Kwana tara na yi a asibiti. Likitan sunansa Siddiƙu, ɗan Ƙofar Rini ne, bai fi shekara biyu da dawowa daga karatu Turai ba. Ya ce zuciyata ce ta buɗe ta yi rauni, wai yana ganin haka da yawa ga masu jego a garin nan. Ya hana kanwa, ya hana gishiri, ya ce ruwan wanka a sirka shi. Inna ta yarda da biyu, na ukun muna kan ja.

Ga magungunan, kwafe daga kwalba, malam mai bincike: lasis, mai sa fitsari, dijoksin, sai metofurolol, wanda shi likita ke kira bita-buloka. Wannan na ƙarshen bai ba ni shi ba sai da kumburin ya sauka. Ƙwaya guda ake rabawa huɗu da reza, in sha kwata da safe, kwata da maraice. Ya ce duk bayan mako biyu zai duba ni ya ƙara kaɗan. Ya koya wa Baban Hauwa'u ƙirga bugun jijiyata da agogo. Da ɗari da ashirin ne, yanzu casa'in da shida. Makon farko na ji kasala ƙwarai, amma dama ya ce za a yi haka, yanzu kuwa ina shanya kayan jaririya da kaina.

Inna ba ta son shi. Ta ce ba ta taɓa ganin maganin da ake yankawa awa goro a gidan marowaci ba. In ta kama hannuna ta ji bugun ya yi sanyi sai ta sake shi ta fita.

Ka shanya takalminka kusa da murhu, tsoho.

Taubashiyarka,
Atika.


Fatakwal,
4 ga Yuli, 1979.

Atika,

Ina gaishe ku duka. Yau ba wasa a takardata, ki saurara.

Lasis daidai ne, dijoksin daidai ne, hana kanwa daidai ne, wannan na ba yaron. Amma na ukun nan, da na karanta sunansa sai da na zauna. Na san danginsa, kullum ina ba da su ga masu hawan jini. Aikinsu rage wa zuciya gudu da ƙarfi. Tun ranar da sunka shigo ƙasar nan anka ja mana kunne cewa ba a ba da su ga mai raunin zuciya. Yana rubuce a littafin da ke gabana yanzu haka, yana rubuce a takardar da ke cikin kwalinsu. Zuciyar da ta riga ta kasa, ya za a ƙara taushe ta? Kasalar da kinka ji ita ce shaida, kuma abin da Gwaggo ke ji a hannunki ba ƙarya ba ne.

Na san irin yaran nan. Gwamnati ta samu kuɗi ta kwashe su zuwa Turai, su dawo da farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya, su mai da matan mutane abin gwaji. Biyu cikinsu ni na koya musu neman jijiya, yau in na gaishe su da ka suke amsawa. Ban ce Siddiƙu mugu ba ne, ban san shi ba. Na ce dai bai daɗe ba.

Ki daina shan wannan ƙwaya daga ranar da takardar nan ta same ki. Sauran biyun ki ci gaba. A gaya wa Gwaggo ni na ce.

Tukur.


TANGARAHO
Fatakwal, 18 Yuli.
HARUNA GIDAN KULU ƘOFAR MARKE SAKKWATO. KADA ATIKA TA BAR MAGANI. IN TA BARI A KAI TA GA LIKITA YAU. NA YI KUSKURE. TAKARDA NA TAFE. TUKUR.


Fatakwal,
18 ga Yuli, 1979.

Zuwa ga Atika, da duk wanda ke tsaye bakin zaure yana ji.

Ina fata kuna lafiya, kuma yau fatan nan ba na al'ada ba ne. Na buga tangaraho da safe, wannan kuwa Illo zai kawo ta hannu da hannu.

Akwai wani tsohon likita da muke aiki tare, mutumin Indiya, mai yawan shan shayi da ƙarancin magana. Jiya aiki ya yi sauƙi na ba shi labarinki, ina jiran ya taya ni zagin yaran zamani. Sai ya shiga ofishinsa ya fito da wata mujallar likitoci da ta iso masa ta jirgi a makon nan, ya buɗe ya ajiye gabana.

Wasu likitoci ne a ƙasar Suwidin. Shekaru ke nan suna ba masu irin ciwonki wannan magani, kaɗan-kaɗan, suna ƙarawa a hankali, bisa sauran magungunan da anka saba. Sun bi mutum ashirin da 'yan kai da sunka sha, sun gwada su da wasu da ba su sha ba. Bayan shekara uku, kusan rabin masu sha suna raye. Cikin waɗancan kuwa, ɗaya ne cikin goma. Na karanta sau biyu, na cire tabarau na goge na sake karantawa.

Tsohon ya ce kada in ɗauka an gama magana. Mutanen kaɗan ne, manyan likitoci da yawa ba su yarda ba tukuna, kuma littafina bai yi ƙarya ba: in an ba da shi da yawa, ko a lokacin da jiki ke cike da ruwa, yana iya kashewa. Sai ya tambaye ni yadda likitanki ya fara. Na ce kwata, bayan kumburi ya sauka, da ƙirga bugu kullum. Ya ce, "To wannan ya san abin da yake yi." Daga nan ya tambaye ni mi na rubuta miki. Da na faɗa sai ya ajiye kofinsa. Ya ce abin da ya fi komai haɗari ga maganin nan shi ne a yanke shi rana ɗaya, don zuciya kan zabura fiye da da. Wannan ma na sani, Atika. Ina gaya wa masu hawan jini haka ta taga. Haushi ne ya sa na manta.

In kin bari, kada ki koma sha da kanki, ki je wurin Siddiƙu ya duba ki. Ki nuna masa takarduna duka biyu, ba ni da abin ɓoyewa. Ki amsa mini da wuri.

Tukur.


Ƙofar Marke,
5 ga Agusta, 1979.

Malam Tukur,

Ya azumi? Mu nan ana shan ruwa lafiya, gero ya yi kyau bayan gari, ni dai an ɗauke mini azumin bana. Kwantar da hankalinka, ina raye, ga hannuna kana gani. Na san shirun ya dame ka. Ina asibiti ne, kuma motar Illo ta kwana shida a Kwantagora ana neman wani ƙarfe, takardarka ta biyu ba ta iso ba sai ƙarshen wata.

Ta farkon kuwa, wadda ka ce in bar magani, ko ɓata lokaci ba ta yi ba. Baban Hauwa'u ya so ya tsallake layin ƙarshe, Inna ta ji muryarsa ta canza ta ce ya koma baya. Yana gamawa ta shigo ɗaki ta ɗauke kwalbar ta kulle a adakarta. Ta ce dama jikinta ya ba ta, tunda Tukur ya faɗa an gama. Kwana uku bayan nan ƙirjina ya koma tseren doki, ɗari da talatin Baban Hauwa'u ya ƙirga. Kafin mako ya zagayo ƙafafu sun cika. Ranar da tangarahonka ya zo, a ranar anka kai ni. Kwana takwas ana zare mini ruwa da allura.

Likita Siddiƙu ya karanta takardarka ta farko bai yi fushi ba. Ya ce da shi ma littafin kaɗai ya karanta, abin da zai rubuta ke nan. Ya ce a gaishe ka, wai kai ka ɗinke masa goshi yana ɗan makaranta da ya faɗo daga keke. Yanzu kumburi ya sauka, a shirye yake ya sake farawa daga kwata.

Ga inda gizo ke saƙa. Ranar da Inna ta kulle kwalbar, ta dafa ƙirjinta ta ce in na sake sa ƙwayar nan a bakina ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Kwalba ba wuya, likita zai ba ni wata. Maganar ce ba ni iya tsallakewa, ka san haka. Mun kai mata tangaraho, ta ce wannan ba hannun Tukur ba ne, kowa na iya zuwa ya buga ƙarfe ya sa sunan wani. Takardarka ta biyu ta zo, Baban Hauwa'u ya karanta, ta ce surukinta mutumin kirki ne amma bakinsa ɗaya da likita, ita kuwa ba ta iya bin boko da ido ta ga abin da ya ƙara. Na karanta mata da kaina, ta ce ni ma haka. Abin da ta tsaya a kai shi ne, tun kana yaro ba ta taɓa jin ka ce ka yi kuskure ba, don haka ba kai ba ne.

Ka ga amfanin taurin kai. Ni ban riƙe ka da komai ba, tsoro ne ya sa ka, na sani. Amma kai ka ɗaure, sai ka zo ka kwance.

Atika.


Fatakwal,
13 ga Agusta, 1979.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga ɗanki Tukur zuwa ga Gwaggo Kulu. Gaisuwa da ban girma, da tambayar lafiyarki da ibada. Allah ya karɓa mana.

Gwaggo, ga shi na rubuto da ajami, da hannuna, don ki karanta da idonki ba wanda zai tsaya tsakaninmu. Ke kinka fara kama hannun nan kinka ɗora shi bisa allo, kin san yadda nake karkata harafin lam, kin sha dukana a kai bai miƙe ba. Ki duba ki gani ko ni ne.

Ni na buga tangaraho. Ni na rubuta takardar da Haruna ya karanta, bai ƙara ko wasali ba. Na yi kuskure. Maganin da na ce a hana Atika, shi ya kamata ta sha, kuma hanawar da na yi ita ta mai da ta asibiti. Ba laifinki ba ne, ke kin bi maganar wanda kinka yarda da shi. Na yi magana bisa ilimin da na sani tun da, ban bincika ko an samu wani ba, kuma na haɗa da haushin da nake ji na yaran da sunka wuce ni. Haushina daban, ran Atika daban, ni na gwama su.

Na san abin da ke ba ki tsoro, kina kama hannunta ki ji bugun ya yi sanyi. Gwaggo, kin san mai daka in ta gaji ga baƙi na jira, sai ta shiga gaggawa, taɓarya ba ta hawa sama, ƙara ta yi yawa hatsi bai dakuwa, ita kuwa tana ƙara galabaita. In kinka zo kinka ce mata ta sassauta, sai ta ɗaga da kyau ta sauke da kyau. Zuciyar Atika ita ce mai dakan nan. Ƙwayar ce ke ce mata ta sassauta. Shi ya sa ake farawa da kwata, don ba a fizge taɓarya daga hannun mai daka.

Ban ce miki maganin nan zai hana ajali ba, ba mai wannan sai Allah. Ban kuma ce duk likitocin duniya sun yarda da shi ba. Abin da na gani da idona a rubuce shi ne, waɗanda anka ba shi ta wannan hanya sun fi daɗewa tare da 'ya'yansu. Da ɗiyata ce kwance, da na ba ta. Atika kuwa ba ta gaza ɗiyata ba, ko da bakinta ya fi nata kaifi.

Ina roƙonki ki janye maganar nono. Ba za ta sha ba sai kin janye, kin san irin tarbiyyar da kinka yi mata. In akwai nauyin rantsuwa, a wuyana yake, ki tambayi malamai abin da ya hau kaina in yi. Kuma in mutanen unguwa sun tambaya, ki gaya musu yadda abin yake, kada a ɗora wa Siddiƙu.

Zan kai takardar nan tasha da kaina in ba direban da zai tashi yau. Ki sa ni cikin addu'ar goman ƙarshe.

Ɗanki,
Tukur.


Sakkwato,
ashirin ga watan ƙaramar Salla.

Daga Kulu zuwa ga Tukur. Aminci ya tabbata gare ka. Mun yi Salla lahiya, muna fatan kai ma haka.

Takardarka ta zaka ran ashirin da huɗu ga azumi. Na karanta ta ni ɗaya cikin ɗaki, sau ukku. Hannunka ne, ya ƙara lalacewa.

Na kira Atika na ce na janye, na yafe mata duniya da lahira. Na aika anka tambayi liman, ya ce ba kaffara bisa kowa, tunda ba da sunan Allah na rantse ba. Washegari munka tahi asibiti tare. Na ce ma yaron nan Siddiƙu ya nuna mini yadda ake yankan ƙwayar, ya nuna. Yanzu ni ka yankawa, don Haruna ɓarar da garin yakai. An kai ta rabi da sahe rabi da marece. Bugun tamanin ne, inji mai agogo. Ni dai na bar kama hannunta, fuskarta nika dubi.

Ran Juma'a da ta wuce ta goya Hauwa'u munka tahi Hubbare ziyara da ƙahwa, munka dawo da ƙahwa. Sau guda ta tsaya, shi ma don ta sayi ƙosai ne, na hana ta sabili da gishiri. Likita ya ce ta koma makaranta bayan babbar Salla in abin ya ɗore, amma magani ba ranar bari, kuma kada ta yi gaggawar wani ciki. Wannan na gaya ma Haruna da bakina, kunyar surukuta ta jira.

Mutanen unguwa na gaya musu yadda kac ce. Wasu sun yi mamaki, wasu sun ce dama. Atika ta ce in rubuta maka wata magana, na ƙi, don ba ta dace da takardar da ke da sunan Allah ba. Tana nan bakin rijiya tana wanki tana dariya, ina jin ta daga nan, ba ta haki.

Allah shi yi maka albarka.

Gwaggonka,
Kulu.